Issaka da Jar Karsana

Issaka bai taɓa mallakar garke ba, ko da yake duk Zongon Kumasi mai shanu ake ce masa. Daga ƙasar Nijar ya zo yana saurayi, a ƙafa, yana kora wa wani falke shanu. Aka sayar da shanun, shi kuwa ya zauna. Sana'arsa guda ce. Idan aka sauke shanun yanka, sai ya bi su yana shafa ciki yana duba hantsa. Wadda ya ga tana da ciki sai ya saye ta kafin mahauta su kai mata wuƙa, ya ja ta zuwa wani fili a bayan Asokore Mampong, ya yi ta yankar mata ciyawa har ta haihu. In ya yaye maraƙin ya sayar, uwar kuma ya mayar wa mahauta. Da wannan ya auri Rakiatu, da shi ya kama ɗaki a unguwar Akwatialine. Ba shi da fara'a, kuma warin shanu ba ya barin rigarsa ko ranar Juma'a.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita. Issaka ba shi da ita, bai ma san ana yin ta ba. Ya karyar da shanunsa kamar kowa, sai wata jar karsana mai cikin fari, cikin ya tsufa. Mutaru mahauci, mutumin Dagomba wanda dokar ba ta shafa ba, ya yi ta bin sa.

"Ka ba ni ita mana, Baba Issaka. Ko a lori za ka zaunar da ita kusa da Rakiatu?"

"Ta haihu tukuna."

"Gwamnati ta san da wannan?"

Da kyar Rakiatu ta samo musu wuri a wata lori mai tashi bayan azahar. A ranar ne kuma, da hantsi, karsana ta fara naƙuda. Ƙafar maraƙin ɗaya ce ta leƙo, ɗayar ta lanƙwashe a ciki. Issaka ya tuɓe riga, ya shafe hannunsa da man kaɗe har kafaɗa. Aikin ba na ƙarfi ba ne. Sai an jira ta sassauta nishi a tura maraƙin baya, a lalubo kofaton, a rufe shi da tafin hannu don kada ya yaga uwar. Duk lokacin da ya kusa kamawa sai ta yunƙura, ta matse masa hannu har yatsunsa su mutu.

Mutaru ya tsuguna a gefe, wuƙa a kan gwiwarsa.

"Idonta ya fara juyawa fa. In ta mutu a hannunka mushe ce, ba ni ba kai. Bari in yanka tun tana motsi."

"Riƙe mata wutsiya."

Rana ta take sai ga Rakiatu, goyo a baya, tana haki.

"Maigida, an gama lodi. Direba ya ce ba ya jiran kowa, kuma an fara kamen waɗanda suka rage a Krofrom."

"Saura kaɗan."

"Tun safe kake saura kaɗan. Yara suna can a kan kaya su kaɗai. In na sauko da su, wurin ya tafi ke nan."

Issaka bai ɗago ba. Kuncinsa na manne da gindin karsanar, a daidai lokacin yatsansa ya taɓa kofato. Rakiatu ta tsaya ta dube shi, ta gyara goyonta, ta juya.

Ana kiran azahar ya miƙar da ƙafar. Suka ɗaura igiya suka ja, shi da Mutaru, maraƙi ya sulluɓo ba ya numfashi. Issaka ya share masa baki, ya cusa masa tsinken ciyawa a hanci, maraƙin ya yi atishawa. Ko a nan Issaka bai tafi ba. Sai da uwar ta miƙe, ɗan ya kama nono ya sha dakashi, domin maraƙin da bai sha nonon farko ba ba ya yin ƙarko. Sannan ya damƙa wa Mutaru igiya, ya karɓi abin da ya ba shi bai duba ba, ya zura da gudu, jini har gwiwar hannu.

Lori ta tafi. Ya ɓuya a ɗakin ajiye fatu na Mutaru har ya samu wata, ya hau a tsaye. Sai a shekarar da ta biyo ya tarar da iyalinsa a ƙauyen su Rakiatu, rabin kayan sun salwanta a hanya, goyon kuma ya rame da zawo. Rakiatu tana daka a tsakar gida ya yi sallama. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Abin da karsanar ta haifa, mace ko namiji?" ta tambaye shi.

"Namiji."

"Ashe ma na yanka ne," ta ce, ta ci gaba da dakanta.