Kwana Shida da Wasiƙar Ƙawata

Shekarun baya can, ina ajin ƙarshe na sakandare a Madina, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. An daɗe da yafe mini, shi ya sa zan iya ba ku labarin.

A lokacin ni yarinya ce mai mafarki ido biyu. Duk wanda zai zo Umra daga Kano, saƙona ɗaya ne: littattafan soyayya, siraran nan masu hoton fure a bango. Na karanta su har na fara ɗaukar kaina ɗaya daga cikin 'yan matan da ke ciki. In Umma, mahaifiyata, ta yi mini faɗa, sai in je bakin taga in bar hawaye guda ya gangaro a hankali, ina fatan wani zai hango ni. Babu mai hangowa sai mukayyif ɗin maƙwabta, na'urar sanyaya ɗaki, da ke ɗigar da ruwa a kan titi.

Ina da ƙawa guda, ajinmu ɗaya tun muna ƙanana. A Madina aka haife ta, iyayenta mutanen Damagaram ne. Mahaifinta yana wanke motocin alhazai a Bi'ir Ali, mahaifiyarta kuma, wadda nake kira Inna, tana da ɗan tebur a Uhudu inda take sayar wa maziyarta dabino da na'a-na'a da lalle. Ni na koya wa ƙawata karanta Hausar boko, don Inna tana mutuwar son labaran nan, amma ba ta yi makaranta ba. Littafi in na gama, sai ya wuce gidansu, ƙawata ta karanta mata tana tuntuɓe. Ita kanta ba ta ɗauki labaran a bakin komai ba.

"Ya bint, wallahi ƙarya ce zalla," in ji ta, don haka take kirana da Larabci, wato ke yarinya. "Wa ya taɓa suma don an ce ana son sa?"

A shekarar, makarantarmu ta aika da sunayen waɗanda suka fi ƙoƙari zuwa wata babbar jami'a a wani birni mai nisa. Jami'ar tana fitar da jerin farko tun kafin jarrabawar ƙarshe, kuma kujerun da take ware wa 'ya'yan baƙi ba su da yawa. Sunana da nata suna cikin waɗanda aka aika. Wadda aka ɗauka, jami'ar ce za ta zama kafil ɗinta, wato mai tsaya mata a wurin hukuma, ta ba ta ɗaki da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar.

A wurina abin kwalliya ne. Babana ma'aikacin kantin magani ne a asibiti, in ban samu ba ga jami'o'in gida, ga kawuna a Kano. A wurinta kuwa komai ne. Kafil ɗin mahaifinta ya sanar da shi zai rufe aikin bayan Hajji, gidan gaba ɗaya za su bar ƙasar. Ita ba ta taɓa ganin Damagaram ba, kuma can da Faransanci ake karatu, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba.

Wancan lokacin wasiƙa ba ta zuwa gida, sai akwatin gidan waya. Su ba su da akwati, sai ta rubuta namu a takardarta. Babana yakan buɗe shi Asabar da Laraba, ya kawo tarin takardun ya zube mini.

"Balarabiyar gidan nan, rarraba mana. Ni rubutun hannunsu ya fi ƙarfina."

Wata biyu muna jira. A aji ba a zancen komai sai ƙabul, wato takardar ɗauka. Wata ta yi azumi, wata ta daina cin abinci ba tare da niyyar azumin ba. Ni kuwa na riga na tsara yadda ranar za ta kasance: wasiƙa za ta zo, in buɗe, jiri ya ɗebe ni, ƙawata ta tare ni. Ku lura da kyau. A duk mafarkin da na yi, aikinta ke nan, tare ni. Ban taɓa zana ranar da ita ce za ta riƙe takardar ba.

Wata Asabar bayan la'asar babana ya zube mini takardu kamar kullum. Ga ambulan mai tambarin jami'a, guda ɗaya tak. Sunanta ne a kai.

Na shige ɗaki na juya tarin sau uku, ko tawa ta maƙale a bayan wata. Babu. Sai na tuna a littafi akan buɗe wasiƙa da tururin ruwan zafi a mayar ba a gane ba. Na ɗora buta, na gwada. Ambulan ɗin ya jiƙe ya yage a gefe. A nan ma littattafan sun yaudare ni.

An ɗauke ta. Ƙasan takardar an rubuta ta zo da waliyyinta da iƙamarsa cikin sati biyu daga ranar da aka rubuta, in ba haka ba kujerar ta koma ga ta gaba a jerin masu jira. Kwana biyar sun riga sun tafi a hanya.

Na ce wa kaina bari in jira Laraba, tawa ta zo, mu yi murna tare. Haka na faɗa wa kaina. Amma ƙarƙashin wannan akwai wata magana da ban yarda na faɗa ko a zuci ba: ƙila ta gaba a jerin nan ni ce. Na ninke takardar, na cusa a littafin da ke ƙarƙashin matashina.

Kullum da safe a motar makaranta takan matsa mini in zauna, ta dube ni ta cikin niƙabi.

"Fi habar?" Wato ko akwai labari.

"Ma fi," in ce mata, babu.

"Hair, in sha Allah," ta ce, ta miƙo mini rabin burodinta. Ina karɓa ina ci.

Laraba ta zo, babana ya kawo takardu, babu tawa. Na ce to gobe zan kai mata. Ban san ko da gaske nake ba, kuma ba zan taɓa sani ba, domin ranar Alhamis, da yake babu makaranta, na yi barcin safe a falo. Da na tashi na ɗaga matashina, babu littafi.

"Umma, ina littafina?"

"Na je sayen lalle Uhudu, na kai wa Inna. Sati nawa tana tambaya? Ke kin gama kin danne."

Ban ci abincin rana ba. Na zauna a bakin gado ina sauraren kowace ƙafa da ta hau bene.

Bayan la'asar sai na ji guɗa tun daga ƙasa. Inna ce, mace mai kunya da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, tana rangaɗa guɗa a benen mutane. Ta shigo ko abayarta ba ta cire ba, ƙawata na biye da ita riƙe da littafin.

"Ina ɗiyata? Ina mai albishir?"

Umma ta jawo ni. Ƙawata ta dube ni sau ɗaya, sannan ta juya ga iyayena.

"Ƙabul ɗina ya zo. Ita ce ta saka mini a littafi don in buɗe in gani ba zato. Irin abin littattafanta."

Umma ta tafa hannu. "Allahu Akbar! Ke dai ba kya rabuwa da wasan kwaikwayo. Da ban kai littafin ba fa?"

Babana daga ƙofar ɗakinsa ya yi barka, ya ce, "Yaushe ta zo ban lura ba?"

"Jiya, Ammu," in ji ƙawata, yadda take kiran babana, tun kafin in buɗe baki. "Cikin na Laraba."

Inna ta zauna a ƙasa, ta kamo hannuna. "To ba a yi shi yadda ake yi ba. Littafi ba ya karɓar goro. Faɗa mini da bakinki."

Na ce, "Inna, ki bar shi."

"Ba na bari. Faɗa."

Muryata kamar ta wata, na ce, "Albishirinki, Inna."

"Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari ƙal, ɗiyata."

Sai ta fara murza wani zoben azurfa da ke yatsarta, tana ja yana ƙin fita. Umma ta gane, ta ce, "Haba Inna, ba na mahaifiyarki ba ne? A'a, wallahi ya yi yawa."

"Shi kaɗai na zo da shi daga gida," in ji Inna. "Ina ta tunanin ranar da zan ba da shi. Yau ce. Wannan yarinya ta kawo mini labarin da ya sa zan tafi hankalina kwance."

Ta zura mini shi. Hannunta kaushi, yana ƙanshin na'a-na'a. Suna ta addu'a suna sa mini albarka, ni kuma ina kallon tabarma ina fatan ta buɗe in shige.

Da muka shiga ɗaki mu biyu, ƙawata ta rufe ƙofa, ta ajiye littafin a kan gado.

"Ambulan ɗin a yage yake. Kuma hatimin gidan waya yana da kwanan wata. Kwana shida, ya bint."

Na fashe da kuka. Ba hawaye guda mai gangarowa a hankali ba. Kuka mummuna, da majina da shessheƙa.

"Kar ki suma," ta ce. "Ba ni da lokacin tare ki. Gobe bayan Juma'a za mu hau mota, saura kwana uku."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Inna tana son ki. Tun da aka ce za mu tafi ba ta yi dariya ba sai yau. Ba zan ɓata mata yau ba."

Na fara ƙoƙarin cire zoben. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

"La, a'a. Ki sa shi kullum. In ta ga babu a hannunki za ta tambaya, ni kuma ba zan sake yi miki ƙarya ba."

Sun isa a kan lokaci, saura kwana ɗaya. Tawa wasiƙar ta zo bayan sati biyu, layi uku na ba da haƙuri. Ko a jerin masu jiran ba na ciki. Da na yi nasarar abin da na so yi, da wata ce da ban taɓa gani ba za ta hau kujerar.

Bayan Hajji iyayenta suka koma Damagaram, ita ta zauna, yau likita ce. Ni na yi karatuna a gida. Mun yi kusan shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, sannan wata rana ta kira ni ta yi ta zuba kamar jiya muka rabu. Da na fara ba da haƙuri ta ce, "Halas, an wuce nan." Inna ta rasu ba ta sani ba. Kafin nan, duk saƙon da za ta aiko, sai ta ce a gaida ɗiyarta mai albishir.

Har yanzu ina karanta littattafan nan, ban daina ba. Sai dai a da, in na zo kan muguwar ƙawa mai ɓoye wasiƙa, nakan yi tsaki in ce ina ake samun irin waɗannan. Yanzu ba na yin tsaki. Na san ba ta tashi da safe ta ce yau zan yi mugunta. Cewa take yi bari dai Laraba ta zo.

Bayan rasuwar Inna na ce wa ƙawata zan aiko mata da zoben, ai gadonta ne. Ta ce ba a mayar da goron albishir.

Yana hannuna ina rubuta wannan. Ya matse ni yanzu, ya yi mini shaida a yatsa. In an tambaye ni inda na samo shi, nakan ce goron albishir ne, sai a ce masha Allah, lallai babban labari kika kai. In ce ƙwarai, babba ne. Ba ni na kai shi ba.