Kunnen Mama Nguhemen

Ina tsugune bayan rumbun doya, na kare baki da hannu ina raɗa wa alade sunansa, sai ga matar fasto ta ɓullo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Iorkyaa, za mu sa ka a addu'a." Ta wuce abinta.

Duk Mama Nguhemen ce ta ja mini. Maƙwabciyata ce, kuma babu mai dafa miyar genger kamarta daga nan har Gboko. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, sai Bem ya zama kunnenta. Bem ɗin nan gajeren alade ne mai tumbi yana sharar ƙasa, wani Fada na coci ya bar mata shi. Da baƙo ya taɓa ƙofa ko akuya ta shiga lambu, sai ya ruga ya tunkuɗe mata ƙafa da hanci.

Makon jiya ɗanta Tersoo ya zo daga Makurdi, ya yi ta sallama, Bem na kwance ko motsi bai yi ba. Tersoo ya ce shi kenan, kurame biyu ba za su zauna su kaɗai ba, ta haɗa kaya ta bi shi. Mama ta ce sai an gwada kunnen Bem.

Ita ta tsara gwajin. Ta watsa toka sama ta ga inda iska ta nufa, don kada hanci ya yi wa kunne aiki. Ta hana tafi da buga ƙafa, wai ta ƙasa yake jin wannan.

Ta ce mini, "Kai sarkin surutu, je ka ɓuya. Raɗa kawai, in ka iya."

Na raɗa, "Bem." Shiru. Tersoo ya fara murmushi. Ƙafata ta yi tsami, na gyara tsuguno, busasshen ganye ya ce ƙaras. Sai kunnen aladen ɗaya ya miƙe. Bem ya tashi da gurnani, tumbi na lilo, ya tunkuɗi Mama har zaninta ya kusa kwancewa.

Ta cashe da rawa tana guɗa. "Ɗana, koma da motarka! Ran nan ƙoshi ne ya kwantar da shi!"

Na matsa na kwarma mata a kunne, "Mama, ki bari ya sayo miki na'urar ji, ki riƙa more hirata!"

Ta ce, "Ƙanena, tun kana tsirara nake jin ka. Bar ni da hutun da Allah ya ba ni."