Ranar da Anti Ta Tafi Godogodo

Shekarata goma sha tara lokacin da babana ya kawo ni Kafanchan daga ƙauyenmu na bayan Fadan Kaje don in koyi ɗinki. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Matar da aka damƙa ni a hannunta ba danginmu ba ce, yarenta ma daban da namu, shi ya sa da Hausa muke magana. Anti nake ce mata, haka duk 'yan layin suke kiran ta.

Shagonta yana kan hanyar tashar jirgin ƙasa. Kekunan ɗinki biyu a gaba, a ƙurya kuma gadonta da tabarmata. Doguwa ce mai wushirya, ba ta leƙa ƙofa sai ta shafa hoda. Matan ma'aikatan reluwe wurinta suke kawo ɗinki, don in ta kalli mace sau ɗaya ta san yadda za ta yanka mata bulawus. Tana taka keke tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. Ita ta koya mini riƙe almakashi, ita ce kuma ta fara ce mini hannuna yana da kyau. A gidanmu ba a yabon yaro.

Abu ɗaya ke damun ta, kowa kuma ya sani. Akwai saurayin da ya yi mata alkawarin aure kafin ya shiga soja. Aka tura shi bakin daga, bai dawo ba. Danginsa sun yi makoki sun raba kayansa, amma Anti ba ta yarda ba. Cewa take yana wani asibitin soja a Kudu, an yanke masa ƙafa, kunya ce ta hana shi dawowa. Duk lokacin da jirgin Fatakwal ya yi kuka sai ta tsayar da keke, ta gyara ɗankwali, ta tsaya a ƙofa har fasinjoji su gama wucewa. Wani lokaci takan ce ya aiko mata da wasiƙa. Na taɓa ganin ɗaya ina gyaran gado, rubutun nata ne. Na mayar da ita inda take. Gaskiya ma ina son labarin. In ta fara kwatanta gidan da za su kama a Jos, da irin labulen da za ta sa, har ni nakan ga kaina a cikin falon.

Wanda ya ba ta hayar shagon dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma babban ɗan kasuwar citta. Yana da sito a Godogodo da farar a-kori-kura, shi ne ma ya sayi kwanon da aka rufa cocin. Baba muke ce masa. Yakan zo ya zauna a bencinmu ba tare da wani dalili ba, idonsa a kan wuyan Anti in ta sunkuya. Ita ko ba ta lura ba ne, ko ta ƙi lura, ban sani ba.

Wata Talata da hantsi, lokacin shanyar citta, ya tsayar da mota a ƙofarmu bai kashe ta ba.

"Madam, albishirinki," in ji shi. "Wani tsohon soja ya sauka a sitona. Ya ce ya san mutumin naki, gadajensu suna kusa da juna a asibiti."

Almakashi ya suɓuce mata. "Baba, da gaske? Yana da rai?"

"Zo ki ji da kunnenki. Yau mutumin zai wuce."

Na ce, "Anti, in raka ki?"

Baba ya ce to wa zai tsare shago? Ta shige ƙurya ta fito da shuɗin bulawus na leshi da ta ɗinka wa kanta tun da daɗewa ba ta taɓa sawa ba. Ta kama kafaɗuna ta girgiza ni. "Ƙanwata, ban gaya miki ba?" Ban taɓa ganin murna a fuskar mutum kamar ta wannan safiya ba.

Da yamma ta dawo a bayan motar masu doya. Ɗankwalinta a hannu, hannun bulawus ya yage tun daga kafaɗa, garin citta ya cika mata gashi da baya. Ta wuce ƙurya ta zauna a ƙasa. Na kai mata ruwa, ba ta sha ba.

"Babu wani soja," ta ce. Muryarta ko rawa ba ta yi. "Muna shiga sito ya kulle ƙofa. Na yi ihu. Ma'aikatansa suna waje suna ɗinke buhuna, ba wanda ya zo. Fyaɗe ya yi mini, ƙanwata. Da ya gama ya ce in je in gaya wa duk wanda na ga dama."

Na dafa ruwa na wanke mata kai. Washegari ta tafi wurin matar fasto ta faɗi komai, ba ta rage ba.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi zama a ofishin fasto. Dattawa biyar, har da Baba a kujerarsa ta kullum. Ya ce ita ta roƙe shi ya rage mata hanya za ta neman mamacinta, ya sauke ta a bakin kasuwa ya kama harkarsa. "Ai duk kun san ciwonta," ya ce, yana girgiza kai kamar mai tausayi. Sai aka kira ni.

Wani dattijo mai furfura ya tambaye ni a hankali, "Yarinya, kin ga abin da ya faru a Godogodo?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma Baba ne ya zo ya ce..."

"Tsaya tukuna. Uwar ɗakinki takan ce mamaci yana rubuto mata wasiƙa?"

Na kalli Anti. Tana kallon ƙasa. Na ce e.

"Kin ga wasiƙar? Rubutun wa ne?"

An tashe ni da cewa ba a ƙarya a ɗakin Allah. Na ce nata ne.

Ba a ƙara tambayata komai ba. Na buɗe baki zan faɗi yagaggen hannu da garin citta, aka ce in je waje. Na kuwa fita. Shekaru da yawa ina tunanin me ya hana ni in tsaya a bakin ƙofar nan in faɗa da ƙarfi.

Aka ce addu'a take bukata da hutu, aka aika wa yayyenta. Mata suka janye ɗinkinsu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya aiko yana son shagonsa. A makonnin nan jirgin Fatakwal yakan yi kuka, Anti ba ta ɗaga kai. Na taɓa cewa, "Anti, jirgi ya shigo," ta ce, "Na ji." Ban san na fi son ganin ta cikin mafarkinta ba sai ranar.

Da yayyenta suka zo, keke ɗaya suka ɗora a mota. Ɗayan ta ce nawa ne. Ina kuka ina riƙe da zanenta, ta ce, "Ban yi fushi da ke ba. Gaskiya kika faɗa. Rabinta kawai suka tambaye ki."

Na ƙarasa koyo a wurin wata Hajiya a cikin kasuwa, na yi aure. Baba ya ci gaba da zama a sahun gaba. Ni dai na canza coci, iyakar abin da na yi ke nan.

Sau ɗaya na je ganin ta, bayan shekara uku, da 'yata ta fari a goye. Na same ta a tsakar gidan yayanta tana sheƙar acca. Ta rame, gashinta ya fara fari. Ta karɓi jaririyar, ta juya bakin rigar da na ɗinka wa yarinyar ta duba, ta ce, "Kin matse zare da yawa." Muka yi dariya. Na zo da niyyar roƙon gafara, amma ita sai tambayar 'yan layi take, wa ta haihu, wa aka yi wa canjin wurin aiki. Muka ci gwate, faten acca, a kwano ɗaya.

Da rana ta karkata ta ce in kwana, ta share mini ɗakinta. Na ce mota za ta wuce ni, zan dawo da Kirsimeti. Ta rako ni har bakin hanya, ta tsaya riƙe da faifai har muka sha kwana. Kirsimeti ta zo ina da ciki ga hidima, wata ma ta zo ban je ba. Labarin rasuwarta a taron zumuntar mata na ji shi, daga bakin wata 'yar garinsu, bayan an daɗe da binne ta.

Daren nan guda da ta roƙa, ba wani abu nake da shi a gida da ba zai iya jira ba.