Sandar da Kauri Ya Haɗa a Juye

Kauri ba sunan yanka ba ne, aikinsa ne ya ja masa. Shekara talatin da ɗoriya yana kafinta a shago ɗaya, tsakanin mai faci da mai ɗinki, kuma bai taɓa yin abin da mutum ɗaya zai ɗauka ba. Akwai gadon da ya yi wa wata mata, ranar da za ta tashi daga gidan haya aka yi juyin duniya ya ƙi fita, dole ta bar wa mai gida. In ka yi ƙorafi sai ya zare fensir daga bayan kunne ya nuna ka da shi, ya ce jikanka ma zai kwanta a kai. Siririn katako a wurinsa cin amana ne.

Mutum ɗaya ne yake iya musu da shi har ya kai shi bango, wato ƙanensa, Direba, wanda ya shekara ashirin da biyar yana jan babbar mota. To shi ne shanyewar ɓarin jiki ta kayar. Ƙafa ta dawo da ɗingishi, magana ta dawo, hannun dama kuwa ya kwanta a cinya ya ƙi tashi. Likita ya ce hannun bai mutu ba, amma in aka ƙara wata guda ba a motsa shi, yatsun za su ƙage, shi ke nan. Aka ba Direba ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurga ta ƙarƙashin gado ya ce shi ba jariri ba ne. Daga nan ya daina faɗa da kowa. Wannan shirun ne ya hana Kauri sakat.

'Yar Direba ce ta kawo dabara. Mai gyaran talabijin ce, kuma taurin kai gadon gida ta yi. Ta dire kwali a kan teburin aikin Kauri: tsohon allon talabijin, wayoyi, da wata 'yar sandar ƙarfe mai jan dunƙulallen kai.

"Baffa, akwatin gem, irin wasan nan na talabijin, za ka yi mini, tsayin mutum. Tseren mota zan sa. Da wannan sandar ake juya motar. Hannun da ya saba da giyar mota, in ya ganta ba zai iya haƙuri ba. Amma don Allah katakon da za ta zauna a ciki kar ya wuce rabin inci."

"Rabin inci? Kwali kike so ko katako?"

"Baffa, wuyan sandar gajere ne."

"Je ki abinki. Tun ba a haifi ubanki ba nake riƙe da zarto."

Wannan ƙarya ce, shekara uku ya ba Direba.

Inci biyu ya sa. Ya huda rami, ya turo sandar ta ƙasa, ya ɗaura mata jan kan. Kan ya zauna daram a kan katako kamar tumatir a tire, ba ya zuwa dama, ba ya zuwa hagu. Kauri ya yi tsaki. Ya zagi wanda ya ƙera sandar, ya zagi rowar ƙarfensa. Ya faɗaɗa ramin, kan ya nutse ciki. Ya sake yanko wani katakon, shi ma inci biyu. Har wurin mai walda ya nufa a ƙara wa sandar tsawo, yarinyar ta tare shi a hanya ta ƙwace abinta.

"Kwana huɗu, Baffa! Kwana huɗu kana kokawa da abin da na gaya maka tun ranar farko!"

Da yamma ya leƙa gidan ƙanen nasa. Ya tarar matar Direba tana ba shi abinci a baki, hannun kuwa yatsu biyu sun fara lanƙwashewa cikin tafi. Kauri ya tsokane shi, ya ce ai dama can tuƙin nasa na ganganci ne. Direba ya dube shi kawai ya kau da kai. Ran Kauri ya ɓaci, tsoro kuma ya kama shi.

Washegari ya kife katakon, ya ɗauki cizal da guduma ya shiga rarake shi ta ƙasa, daidai inda gindin sandar zai zauna. Duk ɓallin da ya fita sai ya ji kamar daga jikinsa aka cire. Mai faci ya leƙo ya ce, "Yau Kauri ne ke rage katako? Bari in kira mutane!" Sai da aka riƙe Kauri.

Sanda ta fito, tana juyawa lafiya lau. Saura wayoyi. Yarinyar ta manna musu takarda kafin ta tafi aiki, wannan ta dama, wannan ta hagu. Kauri ya jona ta dama a damarsa, ta hagu a hagunsa, ya manta katakon a kife yake. Ya juyo shi, ya shafa gam, ya bi shi da ƙusoshi takwas. Gwaji kuwa bai yi ba, aikinsa ba ya buƙatar gwaji.

Ƙarti huɗu suka shigar da akwatin falon Direba suna nishi. Direba ko kallo. Sai Kauri, wanda ko keke bai iya ba, ya tsaya zai nuna yadda ake yi. Kwana ta taho ta dama, ya tura sanda dama, mota ta yi hagu ta daki katanga. Ya sake. Ta sake. Gumi ya keto masa. Yarinyar ta dafe kai, ta gane.

"Dama," in ji wata murya daga kujera.

Kauri bai juyo ba.

"Yaya, dama aka ce maka! Ba ka ganin kwana?"

"Daman na yi!"

"Ka yi me? Matsa ka ba mutane wuri, kar ka kashe fasinja!"

Direba ya miƙe da sandar dogarawa. Da ya iso sai ya sake ta, ya damƙi bakin akwatin da hannun hagu, ya jibga masa duk nauyinsa. Akwatin ko gezau. Ba sauran hannun da ya rage sai na dama. Hannun ya taso a hankali, ya faɗa a kan jan kan, yatsun suka buɗe da ƙyar suka rufe shi. Ya tura dama. Mota ta yi hagu.

"Wane mugun ne ya haɗa wannan? Shekara talatin kana kafinta ba ka san damarka da hagunka ba?"

Ya fizgo sandar, ya tura, ya sake fizgowa, baki bai huta ba. Yarinyar ta zaro sukundireba ta matso kusa da baffanta.

"Ta baya zan buɗe, waya biyu ce kawai. Minti biyu."

Kauri ya riƙe mata hannu.

"Bar shi."

"Baffa, a juye fa yake."

"Na sani. In kika gyara, da wa zai yi faɗa?"

Mutumin da bai taɓa barin ƙusa ɗaya a karkace ta kwana ba, ya tsaya yana kallon yatsun ƙanensa a kan aikin da ya ɓata. Ya sa gefen riga ya share ido, ya gyara murya.

"Motar lafiyarta ƙalau," ya ce. "Kai ne ba ka iya tuƙi ba."

"Ni?" in ji Direba, ya ƙara damƙe sandar.