Ludayin da Na Ɗaura a Sanda

A shekarar da aka rushe unguwar Karantina ta Jidda muka koma Khumra, ni da maigidana, cikin wani ɗaki da ke jikin mustauda, wato babban ɗakin ajiyar kaya da yake gadi. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, shi ne mai wurin, shi ya ce mu zauna kafin mu samu inda za mu sa kai. A Karantina aka haife ni, can aka haifi mahaifiyata. Kakata ce ta zo aikin hajji daga ƙasar Kano ba ta koma ba. Ni ban taɓa ganin Kano ba sai a littafi. Alhazai mata da ke sauka a gidanmu su ke zuwa da littattafan soyayya a ƙasan jaka, tsakanin kuka da daddawa, har takardun su ɗauki wari. A cikinsu na koyi karatun Hausa, a cikinsu kuma na sa wa raina cewa duk wadda aka wulaƙanta a shafin farko, akwai mota mai baƙin gilashi da za ta zo ta ɗauke ta kafin shafin ƙarshe.

Sana'ata ƙunshi. Ina zanen lalle a wani shagon gyaran mata a Bagdadiyya. Cikin masu zuwa wurina akwai wata Balarabiya likitar dabbobi, muna ce mata Daktora. Ita da ƙawayenta suna kwaso karnuka da kyanwoyin da rusau ya bari a kango, su yi musu magani, su raba su gidajen mutane riƙo kafin a samu mai ɗauka na dindindin. Wata rana hannunta na cikin nawa, lalle bai bushe ba, ta kira ni Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Khala, an ce kuna da fili a Khumra."

Na ce fili kam akwai, har babbar mota tana juyawa a ciki.

"Akwai wata karya da muka ciro a ƙarƙashin ƙofar ƙarfe a unguwarku. Duk gidajen riƙona sun cika. Wata biyu kawai."

Da kare kawai ta ce, da na ce Allah ya ba da lada na ci gaba da zanena. Amma ta ce unguwarku. Nan take na ji kamar wata maƙwabciya ce aka manta da ita ranar kwashe kaya.

Maigida bai yi gardama sosai ba. Ya ce karen gadi ba laifi, muddin ba za ta taka ɗakin da muke salla ba. Sai ya dube ni ya ƙara da cewa, "Amma ke 'yar littafi, kar ki mayar min da ita marainiya."

Ya makara. Tun da aka sauke ta daga motar na riga na mayar. Launin yashi gare ta, dogayen ƙafafu, siririn ƙugu irin na karnukan farautar Larabawa, kunnen hagu a yage. Idanunta kamar an zizara musu kwalli. Ta shige ƙarƙashin wata tsohuwar tirela ta kwanta, kwana uku ba ta fito da rana ba. Daktora ta ce kar in sa mata suna, wanda zai ɗauke ta shi zai sa, don kar rabuwa ta yi min wuya. Sai nake kiranta 'yar Karantina, na ce ai wannan ba suna ba ne, asali ne.

Yadda aka rene mu, yawun kare ba abin wasa ba ne. In ya taɓa abu sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ni kuma mai yawan kokwanto ce, alwala ɗaya sai in maimaita ta sau uku. Don haka na zauna na yi dabara. Na samu tsohon ludayin miya na ɗaura shi a sandar goge tayil da igiyar shanya, da shi nake zuba mata shinkafa da ƙasusuwan kaza daga nesa. Na ware abaya guda na rataye a ƙusa a waje, ita ce abayar kare. Da ta fara sakin jiki tana matsowa, sai na ɗauko tsintsiya mai doguwar sanda ina sosa mata baya. Wayyo, yadda take son tsintsiyar nan! Da ta ji an ja ta a ƙasa sai ta taho da gudu tana kaɗa jela, ta baje, ta lumshe ido. Ni ina can ƙarshen sanda ina ba ta labarin lungunmu, da mai sayar da kifi, da gidan da muke biki a soronsa, wanda yanzu ko tubalinsa babu. A ganina babu mai riƙon da ta kai ni. Wata biyun nan suka zama huɗu, hannuna bai taɓa jikinta ba ko sau ɗaya, kuma har alfahari nake da hakan.

Da Daktora ta ce in faɗa mata halayen karyar za ta sa a sanarwar neman gida, na kwashe rabin awa ina aika mata saƙon murya. Na ce mai kunya ce, mai kawaici, ta sha wuyar duniya amma zuciyarta ba ta yi baƙi ba, tana jiran wanda zai gane darajarta. Daktora ta kira ni tana dariya har da tari.

"Khala, gida muke nema mata, ba miji ba. Tana cizo? Tana haushi? Halas, shi ke nan abin da za su tambaya."

Ana cikin haka kafilin maigida ya zo ya ce ya ba wasu 'yan kasuwa hayar mustaudan, za su zuba shinkafa da dabino kafin azumi. Ya nuna tirelar da baki ya ce wurin abinci ba ya zama da kare. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, amma ya ce ranar da motar farko ta shigo, kar ya tarar da ita. Sauran sati uku. Na kira Daktora, ta ce wallahi ko banɗakin gidanta akwai kyanwoyi a ciki. In ba a samu mai ɗauka ba, ba ta san inda za ta kai ta ba, titi kuma kowa ya san abin da ke samun karen da ya saba da mutane.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga mota, mai baƙin gilashi kuwa, kamar yadda na sha karantawa. Na tarbe su da murna. Mata da miji ne, masu gida da lambu a arewacin gari, sun ga hotonta sun so ta. Na ja tsintsiya a ƙasa, ta taho da gudunta, rana ta haska gashinta. Matar ta ce masha Allah, ta durƙusa, ta miƙa hannu.

Ban taɓa jin irin kukan da karyar ta yi ba. Ta maƙale jela, ta yi fitsari a tsaye, ta ruga ƙarƙashin tirela tana rawar jiki. Mijin ya gwada, ta nuna masa haƙora. Suka jira kusan awa guda, suka ba da haƙuri, suka shiga motarsu.

Daktora ta tsaya tana kallon ludayin da ke jingine a bango, da tsintsiyar da ke hannuna.

"Khala, tsakaninki da Allah, kin taɓa shafa ta?"

Na ce a'a, har da ɗan murmushi, ina jiran yabo.

"A titi duk hannun da ya miƙo gare ta dutse ne a cikinsa. Dalilin riƙo ke nan, ta koyi cewa akwai wani irin hannu. Wata huɗu, Khala."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Washegari na hau mota zuwa wurin gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina shekara biyar da mahaifiyata ta rasu. Bayan rusau tana zaune wurin ɗanta. Na same ta tana gyaran ganyen mulukiyya, wato lalo, a faranti, na kwashe labari na faɗa mata, ina jiran ta ce ai ka ga abin da tarkacen kare ke jawowa.

Ta ce, "Ludayi?"

Na ce ludayi.

"A sanda?"

Ta ajiye farantin ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Sannan ta ce, "'Yar nan, da aka kawo min ke, kanki duk ƙuraje, hancinki na zuba, kina fitsarin kwance har kika shekara takwas. Da ludayi na riƙa miƙo miki tuwo?"

"Gwaggo, ai ni mutum ce."

"Na sani, shi ya sa kika fi ta wahalar riƙo. Malaman da kakarki ta bi ma cewa suke jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ita ake wankewa. In kuma zuciyarki ba ta kwanta da wannan ba, to, ruwa ya ƙare a Jidda ne, ko ƙasa? Gari duk an mayar da shi ƙasa! Ki taɓa, ki wanke. Wa ya ce ki karɓi amana in ba za ki iya da hannunki ba?"

Da safe na sa abayar kare na zauna a ƙasa kusa da tirela. Ban kwance ludayin ba, sai na riƙa rage sandar. Ranar farko maigida ya yanke min taƙi guda da zarto, yana cewa shi dai bai taɓa ganin gadi irin wannan ba. Bayan kwana biyu ya ƙara yankewa. Tsintsiyar ma na riƙa matso da hannuna ƙasa, har yatsuna suka kai bakin gashinta. Rana ta shida ludayi ne kawai a hannuna babu sanda. Ta ci, idonta a kan yatsuna, ƙafafunta a shirye da gudu. Rana ta tara na ajiye ludayin na ɗora tsokar kaza a tafin hannuna, na kawar da kai, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na daɗe har hannuna ya fara sanyi. Sai na ji numfashi mai ɗumi, sai harshe. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuyan hannu har ƙeya. Na so in zabura, na tuna gwaggo, na daure.

Kunnen nan yagagge shi na fara taɓawa. Ashe laushi gare shi kamar audugar da muke goge lalle da ita. Na zauna ina kuka, ita kuma ta rasa abin da ke damuna, ta ɗora haɓarta a gwiwata.

Kafin azahar na wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ko minti biyu bai ci ba. Minti biyun nan su na yi wata huɗu ina gudu.

Hannuna kaɗai ba zai isa ba, don haka na matsa wa maigida. Ya ce shi da girmansa? Na ce ai baƙin da za su zo ba hannuna za su zo da shi ba. Ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna yana cewa, "Yalla, zo ki ci, ke ma kin san dole aka yi min." Kwana uku ta ci a hannunsa. Daga baya na kama shi yana sosa mata wuya a bayan tirela, ya ce ƙaya yake cire mata.

Mutanen mota mai baƙin gilashi ba su dawo ba, sun riga sun ɗauki wani karen. Saura kwana biyu motar shinkafa ta iso sai Daktora ta zo da wani dattijo a tsohuwar farar motar ɗaukar kaya, bayanta duk ciyawa. Yana da 'yar gona da awaki a hanyar Usfan, karensa ya mutu da tsufa. Ba shi da kama da kowa a littattafaina. Takalminsa ɗaya ma ɗinki ne da waya. Na tsare shi da tambayoyi kamar mai neman auren 'yata: akwai inuwa? Ɗaure ta zai yi? Wa zai ba ta ruwa in ya shigo gari? Ya amsa duka bai gaji ba, ya ce matarsa ma haka ta tambayi mijin 'yarsu.

Sai ya tsuguna. Bai kira ta ba, ya dai ajiye hannunsa a buɗe a kan gwiwa yana kallon wani wuri. Ta fito, ta tsaya, ta dube ni. Na ji kamar in ja tsintsiya a ƙasa ta taho gare ni, a ce ta ƙi shi. Na damƙe abayata. Ta matsa, ta sansana yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta bari ya shafa kunnen.

Na haɗa mata kwanonta da tsohon bargon da take kwanciya a kai. Maigida ya ce saura gado da katifa. Ni na ɗauke ta da hannuna na sa a gaban motar, nauyinta bai kai yadda na zata ba. Dattijon ya tambaye ni sunanta, na ce ba ta da shi, shi zai sa.

Da motar ta fice daga ƙofa aka kira la'asar. Na je gindin tirela, inda kwanciyarta ta yi ɗan rami a ƙasa, na ɗebi ƙasar wurin na wanke hannuna da ita. Ludayin yana nan a kicin ɗina, ba na miya da shi, ban kuma yar ba. Daktora takan turo min hoton karyar a cikin awaki, ta yi ƙiba, kunnen na nan yadda yake. Ranar da na nuna wa gwaggo, ta kai wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in tambayi mutumin ko yana sayar da madarar akuya.