Kawu Mai Kati da Ƙanwar Kaka da Aka Yanke a Hoto

Kowace Asabar, kafin rana ta yi zafi, Kawu Mai Kati zai goge tabaransa, ya saka littafin rubutu da 'yar rikoda a tsohuwar jakarsa, ya fita neman tsofaffi. Sauran ranaku yana ɗakin kati na asibiti, inda ya yi shekara talatin da uku yana nemo wa marasa lafiya katinsu. Abokan aikinsa sun shaida cewa ko kati ya shekara ashirin da ɓata, in ka ba shi sunan uba da na kaka, zai shige tsakanin kantocin nan ya fito da shi. Wannan ƙwarewar ce ya juyo da ita kan danginmu, ya ce sai ya rubuta wa ya haifi wa.

Mu 'ya'yan 'yan uwansa, Tone-Tone muke kiransa a bayan idonsa. In ya shigo gida da jakar nan, kowa sai ya tuna yana da aike. Matarsa ma takan ce, "Mutane na hutawa da iyalinsu, kai kana can wurin waɗanda ba sa tuna abin da suka karya da shi." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Na safe suke mantawa. Na shekara sittin yana nan daram."

Wata rana ya ci karo da wani tsohon hoto na mahaifiyarsa, wato Kakarmu, tun tana budurwa. An yanke gefen hoton da almakashi, amma an bar hannun wata a kafaɗarta. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ƙanwarta ce, ta rasu tana ƙarama. Sai da ya je wurin wata tsohuwar maƙwabciyarsu, ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ba mutuwa ta yi ba. Kuturta ce ta kama ta, aka kai ta nesa aka baro, aka dawo aka ce ta mutu."

Shekara biyu Kawu yana bin sawu, daga wannan tasha zuwa waccan, har ya isa ƙofar wani shagon ɗinki. Mai shagon, dattijuwa sa'arsa, ita ce 'yar matar da aka yanke a hoton. Ya ce ya daɗe a tsaye a ƙofar kafin ya yi sallama. Da ya faɗi ko shi wane ne, ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Kun makara da shekara tara." Sannan ta ba shi kujera da ruwa. Ta gaya masa mahaifiyarta, wadda ta shekara tara da rasuwa, ta warke tun kafin ta yi aure, yatsu biyu kawai ta rasa. Ta yi ta sa ana rubuta wa gida wasiƙa cewa ta warke, ba a taɓa amsawa ba.

Kawu ya dawo ya buɗe akwatin Kaka, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarta. Wasiƙu goma sha ɗaya ya tarar a ƙasan zannuwa, ɗaure da tsumma, duk an buɗe su, sun yi laushi saboda yawan ninkewa. Mutum ne mai son uwarsa ƙwarai. Matarsa ta ce kwana uku bai iya haɗa ido da kowa ba.

Da ya kai wa yayansa, Babban Kawu, maganar, sai aka tashi baram-baram. "Uwarmu tana kabari za ka tona mata asiri?" in ji yayan. Kawu ya ce, "Yaya, ni ma uwata ce. Amma waccan ma 'yar gidan nan ce." Shekara uku yayan bai amsa gaisuwarsa ba, kuma yawancinmu muka bi bayan babba, don ya fi sauƙi.

Duk da haka Kawu ya ɗauko mai ɗinkin ya kawo ta gidanmu. A nan ne kunyar da ba zan manta ba ta same ni. An kawo mata ruwa ta sha, sai wata daga cikinmu ta ɗauke kofin da bakin gyale, ta ajiye shi can gefe. Matar lafiyarta lau, ba ta taɓa yin cutar ba. Ta gani, ni ma na gani, na sunkuyar da kai. Kai ne, Kawu, ka tashi ka ɗauko kofin, ka shanye sauran ruwan a gabanmu, ka ci gaba da hira. Ba ka yi wa kowa faɗa ba, kuma da ma faɗan ka yi, da ya fi mana sauƙi.

Da ciwo ya kwantar da Babban Kawu, da kansa ya aika a kira ƙanensa, ya ce ya karanta masa wasiƙun. A ta huɗu ya ce ya isa haka, a je a zo da mai ɗinkin. Ta zo, ya kama hannunta ya ce, "Ki yafe mana." Ta ce, "Yaya, wadda za ta yafe ta tafi. Ni dai dangi na zo gani." Yau 'ya'yanta da jikokinta suna shiga gidajenmu ba sai an yi musu jagora ba.

Bana Kawu ya yi ritaya, idanunsa kuma sun fara gajiya. Littafi bakwai ya cika, kuma babu wanda ya ba shi ko takardar yabo. Kai ne mai haɗa abin da tsoro ya raba, Kawu. Ka sadaukar da hutunka da idonka, ka jure fushin ɗan uwa da dariyar yara irinmu. Mun gode, kuma muna jin kunyar cewa sai yanzu muka faɗa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, je ka zauna kusa da shi tun yana iya magana. Wataƙila abin da za ka ji ya sa ka sunkuyar da kai. Ka daure ka ji har ƙarshe, domin mai yiwuwa akwai wani naku a wani wuri da har yanzu yake jiran amsa.