Kwallin Gwaggo a Cikin Fiyanon Likita

Na daɗe ina gyaran rediyo da lasifika da kayan kiɗa na lantarki a shagona da ke Ƙofar Kaura. Yawancin ayyukan da suka bi ta hannuna sun shige, ko fuskokin masu su ba na iya tunawa. Amma akwai aikin wani fiyano da na yi a wani gida wajen Ƙofar Marusa, wanda ba zan manta da shi ba muddin ina raye, saboda ɓarnar da na yi masa da hannuna.

Wata Hajiya ce, ma'aikaciyar gwamnati, ta same ni a shago wata ranar Asabar da hantsi. Bayan mun gaisa ta ce mahaifinta tsohon likita ne, kuma yana da fiyano da ya taho da shi daga ƙasar da ya yi karatu tun kafin a haife ta. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannunsa na hagu ya yi nauyi, mai yi masa gashi ya ce lallai a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu kullum. An kawo masa ƙwallon roba, ya ture. Fiyanonsa kawai yake so, shi kuwa fiyanon ya yi shekaru a rufe.

"Malam, an ce kai ka taɓa koyon gyaransa," in ji ta.

Gaskiya ne. A ƙuruciyata na yi wata takwas a Jos wajen wani dattijo mai gyaran fiyanon makarantu da coci-coci, wanda har yau nake kira maigidana. Wata takwas ba komai ba ne a wannan sana'a, kuma tun da na dawo Katsina ban sake buɗe cikin fiyano ba. Ya kamata in gaya mata haka. Sai na ce, "Na iya, Hajiya, ba matsala."

Ga wanda bai taɓa leƙa cikinsa ba, fiyano akwati ne mai cike da wayoyin ƙarfe a ɗaure tamau. Kowane madanni da ka danna, wata 'yar guduma ce take tashi ta bugi wayoyinta. Kan gudumar an lulluɓe shi da gashin tumaki da aka matse ya yi tauri, fari sol idan sabo ne. Yawancin madannan wayoyi uku-uku gare su, kuma dole gudumar ta same su ukun a lokaci ɗaya. Idan ta riga taɓa ɗaya kafin sauran, sautin yakan fito a karkace, da 'yar ƙara kamar an taɓa murfin kwano.

Kwana huɗu na yi ina share ciki, ina ɗaure wayoyi ina daidaita sautinsu, kuma wannan ɓangaren ya tafi lafiya. Likitan yakan sa a kawo shi falon a kujerarsa ya zauna yana saurare. Maganarsa ta ɗan harɗe saboda ciwon, amma kunnensa garau yake. A can gefe kuma yayarsa ce take zama a kan darduma da carbinta, tsohuwa tukuf, kowa a gidan Gwaggo yake ce mata. Ita ba ta taɓa ƙaunar fiyanon ba. Akwatin Nasara take kiransa, kuma in na gaishe ta takan amsa ta ƙara da cewa, "Ana ta fama da ƙarafa."

Da na gama ɗaurin, sai ga madannai goma sha wani abu a tsakiya suna wannan ƙara ta kwano. Na san matsalar daga gudumomin take, amma ido ba ya iya ganin wace waya gudumar ta fara taɓawa. Na buga wa maigidana waya. Ya ce abin ba wuya: in sami takardar kabon, irin wadda ake sawa a tsakanin takardu a tafireta, in zura ta tsakanin guduma da wayoyin, in danna madannin. Layuka uku za su fito a kan farin gashin. Inda layi ya yi baƙi ƙwarai, nan ne ya yi tudu, sai in ɗan goge wurin da sanfefa kaɗan-kaɗan har layukan su zo daidai.

"Kabon kawai?" na tambaye shi.

"Kabon kawai. Kuma ka bi a hankali. Abin da ka goge ba ya dawowa."

Na ɗauka aikin rabin sa'a ne. Kwana biyu na yi ina yawo a babur. Masu sayar da kayan rubutu, samarin cikinsu ba su ma gane abin da nake nufi ba. Wani ya miƙo mini littafin rasit na zamani, wanda rubutu ke fita a takarda ta biyu ba tare da an sa komai a tsakani ba. Na je wurin masu buga takardu a bakin kotu, na tarar duk sun koma kwamfuta. Wani dattijo a cikinsu ya tono mini wasu guda uku daga ƙasan akwatinsa ya ba ni kyauta, amma sun bushe ƙayau, an yi ta amfani da su har sun zama kamar tsumma. Na gwada, ko ɗigo ba su bari ba. Na shafa alli a wayoyin, fari a kan fari, ban ga komai ba. Na niƙa gawayi, shi kuma ya ƙi kama ƙarfen, sai zubewa yake yi cikin akwatin.

A rana ta uku Hajiya ta tsaya a kaina kafin ta tafi ofis. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi mai yi wa mahaifinta gashi ya sake tambaya, don ya ce in yatsun suka daɗe ba motsi, sandarewa za su yi. Na ce mata yau in sha Allahu za a gama.

Abin da ya kai ni ga tawadar hatimi ke nan. Akwai ta a teburin likitan, irin 'yar kwalbar nan da ake ɗiga wa soson da ake dangwala hatimi. Na ce a raina, tun da baƙi ake nema, ga baƙi. Yanzu in na tuna, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda na zaɓa na fara gwadawa. Da akwai madannai can ƙarshe waɗanda ba mai taɓa su. Ni kuwa na tafi kai tsaye kan na tsakiya, wanda kusan kowane kiɗa sai ya bi ta kansa, don shi ya fi damuna.

Na shafa tawadar a wayoyin da auduga, na danna. Da na duba, babu layuka uku. Gashin ya tsotse tawadar kamar yadda yashi ke shan ruwa, ta bazu ta zama tabo ɗaya mai faɗin farcen babban yatsa. Na ɗauki sanfefa don in goge tabon. Na goge, yana nan. Na ƙara, yana nan, don ya riga ya shige ciki. Ban tsaya ba sai da na lura kan gudumar, wanda ya kamata ya zama kamar ƙwai, ya baje. Na danna madannin, ya ce ƙwas, kamar an bugi gwangwani da cokali.

Ba kowa a falon a lokacin, likitan yana barcin rana. Na goge wayoyin, na mayar da murfi, na tattara kayana na tafi. A hanya har na shirya abin da zan faɗa: tsufa ne, asu ya ci gashin, dama can haka take.

Washegari na tarar an riga an zaunar da shi a gaban fiyanon. Muka gaisa, na tambaye shi ƙarfin jiki. Ya sa yatsan hannunsa na dama yana bin madannan ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan wannan. Ya danna. Ya sake dannawa. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Malam, wannan ba haka yake ba jiya da safe."

Ƙaryar tana bakina a shirye, amma ganin yadda ya sha wahala kafin ya haɗa waɗannan kalmomi, sai na kasa. Na buɗe murfin na nuna masa. Na gaya masa komai, har da cewa wata takwas kacal na yi ina koyo. Ya daɗe yana kallon tabon.

"Ka gwada a wani wuri kafin ka sa a nan?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai kawai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Gwaggo ce ta sa baki daga kan dardumarta. "Wai kai mi kake nema ne, kwana da kwanaki kana ta shige da fice?"

Na yi mata bayani a taƙaice, don ban ɗauka za ta bi zancen ba. Na ce abu nake so mai baƙi, mai laushi ƙwarai, busasshe, wanda zai kama ƙarfe ya bar alama a farin abu, kuma in an kakkaɓe ya fita.

"To ai kwalli ke nan," in ji ta. "Shi ne ka tahi har kotu?"

Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan tandu na fata, ya yi baƙi don daɗewa. Ta ce ita take niƙa abinta, ba ta sa masa mai ko turare, don na kasuwa yana sa mata ƙaiƙayi. Ta miƙo mini, ta ce kada in ƙarar mata.

Wannan karon ban doshi fiyanon ba. Na fara shafa kwallin a wata guntuwar waya daga jakata, na danna ta a kan farin ƙyalle. Layi ya fito siriri, na kakkaɓe, ya fita sai 'yar inuwa. Na koma kan madanni na can ƙarshe na gwada, na sa buroshi, gashin ya koma fari. Sai da likitan ya leƙa ya ce in ci gaba, sannan na matsa tsakiya. Na shafa kwallin da bakin tsinke mai auduga, na danna, na jawo gudumar baya. Ga layuka uku ɓaro-ɓaro: na hagu baƙi ƙirin, na tsakiya dishi-dishi, na dama da kyar ake ganinsa. Na goge gefen hagu sau biyu kawai, na sake gwadawa. A karo na huɗu layukan suka zo daidai, ƙarar kwanon ta ɓace.

Kwana biyu na yi a kan sauran, guduma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta matso da dardumarta kusa, wai don ta sa ido a kan tandunta. In na nuna mata layukan takan ce, "Wanga na gefe bai fito ba, ƙara dubawa." Sau da yawa ita ke da gaskiya.

Gudumar da na ɓata kuwa ba ta gyaru ba. Da na gaya wa maigidana, ya yi mini faɗan da ya dace, sannan ya ce zai duba cikin tarkacensa. Sai bayan wata uku ya aiko mini da wata tsohuwar guduma ta hannun direban mota. Na ɗora ta, ta yi aiki, amma duk mai kunne zai ji muryarta ta ɗan bambanta da ta maƙwabtanta. A waɗannan watanni uku likitan ya yi ta motsa yatsunsa a fiyanon da safe da yamma. Na taɓa tarar da shi yana bin wani kiɗa a hankali, hannun hagu yana jan jiki a baya, kuma duk lokacin da ya iso kan madannin nan sai ya tsallake shi, ya bar gurbin shiru. Bai dube ni ba. Hajiya ta gaya mini daga baya cewa yatsu uku sun dawo har yana riƙe kofi da su.

Tun daga wannan aiki, ba na ɗora wani abu a kan kayan mutum sai na fara gwada shi a kan nawa, ko a wurin da in ya ɓaci ba a yi asara ba. Kuma in abu ya gagare ni, nakan faɗi abin da nake nema a fili, a gaban duk wanda ke wurin, ko da ina ganin ba fanninsa ba ne. Na zagaye Katsina kwana biyu, na lalata abin da ba a sayar da irinsa a garin, alhali tsohuwar da nake gaisarwa kullum in wuce tana zaune da maganin a bakin zanenta. Ban tambaye ta ba ne kawai.